Shekarar da Hayaƙi Ya Bar Ɗakin Girki

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. An ce haka yake zagayowa, mai tsawon kwana ya gamu da shi sau biyu. Na gamu da shi. Ban yi murna ba.

Zafin Minna ba baƙona ba ne, jikin ne ya tsufa. Kafin azahar kwanon ɗaki ya fara ƙara kamar ana taka shi. Dutsen bayan gida ya sha rana ya ƙoshi, sai bayan magariba ya soma amayo mana ita. Wutar lantarki kuwa a Dutsen Kura sai dai labari. In an kawo, kafin fanka ta ɗauki juyi an ɗauke. Gas ya fi ƙarfinmu. Matar ɗana Isa ta tura tukunyarsa ƙarƙashin gado, muka koma gawayi.

Ana cikin haka mutanen ƙaramar hukuma suka shigo unguwa da keke mai ƙafa uku, kansila a gaba da lasifika. Wai sun zo koya mana tsimin wuta. Sun raba ƙwan lantarki da ba ya cinye mita. Sun ce wanda ya shafa wa kwanonsa farin fenti zai ji sauƙin zafi. Suka kuma sauke wani murhun gawayi, ƙarfe a waje, laka a ciki. Wata matashiya daga cikinsu ta durƙusa ta gaishe ni.

"Mama, gawayin da kike ƙonawa a yini, a wannan zai kwana ya yini. Kuma ba hayaƙi."

Na ce, "Ajiye."

Ta ajiye. Da la'asar matar Isa ta hura shi. Ya kama, ba hayaƙi, yadda aka faɗa. Ni kuma sai na tsinci kaina ina kallon rufin ɗakin girki.

"Iya, me kike nema a sama?"

"Ba komai."

Ba komai ɗin ne, sai silin da yanar gizo. Amma an yi shekarar da duk abin da muke sa rai da shi a sama yake rataye.

Lokacin Isa bai isa makaranta ba, ƙanwarsa tana goye a bayana. Dutsen Kura ba haka take ba. Gidaje tsilli-tsilli, sauran duk gona. Mu biyar ne: ni, yaran, Baban Isa, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Gonarmu ɗaya ce, a gindin dutse, inda yanzu masu walda suka jera shaguna.

Inna tana da wata masara da ta zo da ita daga gidan ubanta tun ranar da aka kawo ta. 'Yar wuri muke ce mata. Fara ce, gajera, goyonta bai wuce tsawon tafin hannu ba. A kasuwa ba mai waiwayarta. Amma tana nuna a lokacin da rumbun kowa ya kai ƙasa, dawa ba ta fid da kai ba, sabuwar doya da saura. Wannan tsakanin ne ke kayar da mutane. Mu 'yar wuri ce ke haye da mu.

Duk kaka Inna ke zaɓar iri da hannunta. Ta ware goyo masu cika, ta ja ɓawonsu baya, ta ƙulla su da shi. Baban Isa ya taka turmi ya rataye su a wata gora da aka gicciye ƙarƙashin jinkar ɗakin girki, daidai saman murhu. Daga ranar ba mai taɓa su sai an yi ruwan shuka. Ba a saukewa, ba a dubawa, ko da muciya ba a nuna su. Dokarta ce. Takan ce hannun da ya saba zuwa wurin iri, wata rana baki zai raka shi. Haka za su zauna a sama su yi baƙi ƙirin da kunkunniya. In ruwa ya sauka a murje, a tarar da ƙwaya garau. A saninmu saboda ɓera da yara ake ratayewa a can. Haka muka taras, ba wanda ya tambaya.

Daminar da ta gabaci wannan shekara ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta bushe da cikinta. Da muka gama zuba abin da aka samu, Baban Isa ya leƙa rumbu ya sauko. Kowa ya san ba zai kai mu kaka ba. Abin da zai haɗa mu da sabon abinci shi ne abin nan da ke rataye a gora.

Ga kuma itace. Gari yana ci gaba da cin daji, abin da ya rage a kan duwatsu an sa masu gadi. In suka kama mace da gatari, su ƙwace gatarin. Kananzir kuwa sai ka yini a layi ka dawo da galan ɗinka yadda ka kai shi. Maƙwabciyata Maman Bitrus ce ta san inda ake samun itace. Manoma ne tun asali, ita da mijinta, masu zuwa coci. A bakinta kowa "kai" ne, mace ko namiji. Mu fita bayan asuba, mu wuce gonaki, mu wuce rafi, mu yi ta tafiya har gari ya ɓace. Ita a kafaɗa take ɗaukar nata kamar yadda matan ƙabilarsu ke yi, ni a ka, ga goyo. Kafin mu iso gida rana ta take, wuyana ya sandare. Rabin abin da muke samowa ɗanye ne. Ɗanyen itace kuwa hayaƙinsa ya fi wutarsa. Idanuna kullum ja, yarinyar bayana tana tari kamar tsohuwa.

Bayan girbi kaɗan sai ga wata ma'aikaciyar ƙaramar hukuma a kan babur. Malama Fati, mutuniyar Bida. Aka tara mata a ƙofar mai unguwa. Ta ce hukuma ta ga wahalar itace, ta kawo dabarar murhun laka mai baki biyu, wuta ɗaya ta dafa tuwo da miya, hayaƙi ya bi bututu ya fita waje. Ba saya za mu yi ba, mu za mu gina da hannunmu, ita da magini su nuna mana.

Gayya muka yi, gida-gida. Mu sari suri mu kwaso ƙasarsa, mu haɗa da ƙaiƙayi da kashin shanu, mu zuba ruwa, mu bar shi ya kwana ya tsumu. Washegari mu tattare zane mu shiga da ƙafa. Matan masallaci da matan coci duk laka ɗaya muka taka. Wari ba a magana. Kowace mace ta kawo tukwanenta a auna bakin murhu da su. Bututun kuwa tsofaffin gwangwanaye ne aka huda gindinsu aka zura cikin juna, aka fasa bango aka fitar.

Ranar da aka zo namu, Inna ta ɗauko kujerarta ta zauna a ƙofar ɗakin girki kamar mai karɓar haraji.

"Tun kaka da kakanni duwatsu uku ke riƙe tukunya. Yau kuma wuta aka ce sai an gina mata ɗaki?"

Malama Fati tana shafe laka da tafin hannu, ba ta ɗago ba. "Inna, ai ke ma a ɗaki kike kwana."

"Ni mutum ce."

"To ita ma in ta sami ɗaki ba za ta yi yawo ba. Yanzu rabinta iska ke kwashewa."

Mata suka yi shewa. Inna ta taɓe baki. "Wannan Banufiya, da hannunki ya kai bakinki da an gama tuni."

Da Malama ta miƙe tana gyara bututu, kanta ya kusa taɓa masarar. Ta duba sama.

"Inna, wannan fa?"

"Iri ne. Ki ji da ƙasa, sama tawa ce."

Malama ta yi dariya ta koma kan lakarta. Magana ta tsaya nan.

Muka jira ya bushe, muna girki a tsakar gida. Ya tsage, muka liƙe. Ranar da na fara hura shi na fita waje don in gani da idona. Ga hayaƙi yana fita ta bakin gwangwani yana tafiyarsa sama. Na koma ciki na zauna. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tuƙa tuwo ido a buɗe ba sai ranar.

Gaskiya ɗaya ce, murhun ya yi aiki. Damin itacen da ke ƙarewa kafin a je ko'ina sai ya daɗe. Zuwa daji ya ragu. Tarin yarinya ya lafa. Kara, totuwa, ɓawon gyaɗa, duk abin da aka tura masa ya ci ya ba da wuta. Inna ta ce tuwon ba ya ƙamshi, amma ita ce ta fara ajiye ruwan alwalarta a gefensa don ya yi ɗumi.

Sai azumi ya kama, bazara ta buɗe baki.

Ban ga zafi irin wannan ba sai bana. Ganyen mangwaro ya yi laushi ya sunkuya. Kaji su buɗe baki su kwanta ƙarƙashin rumbu, ko an kore su ba sa tashi. Rijiyarmu ta koma laka, ta maƙwabta ma haka. Da sassafe mu ɗauki bokiti mu gangara rafi, mu tona yashi, mu tsuguna muna jiran ruwa ya tsattsafo, mu riƙa kwalfa da ƙoƙo. Su Maman Bitrus su ma nasu azumin ya zo daidai, sai mu zauna bakin ramin ba mai ƙarfin hira. Daga rafi sai surfe. Daga surfe sai niƙa. In rana ta take kowa ya nemi inda zai faɗi. Nakan jiƙa zane in shimfiɗa wa yara a ƙasa, kafin su yi barci ya bushe.

Baban Isa yana zuwa Tunga ɗaukar bulo wurin masu gini, da azumi a bakinsa. Ya dawo leɓɓansa fari, kafaɗa a saɓule. Ya zauna jikin bango ya zuba wa inuwa ido har ta kai inda yake so.

Bayan la'asar in hura wuta. Kunun tsamiya a baki ɗaya, tuwo a ɗayan. A farkon wata kunun yana riƙe ludayi. Da aka raba tsakiya sai ya fara gudu. Ƙosai muka bar shi. Tuwon da ake yi don shan ruwa shi ake ragewa don sahur, a ɗumama da miyar kuka ba mai. Inna ce ke auna hatsi. Kullum ƙwaryar awon nan tana nan, amma tozon da ke kanta ya tafi, daga baya ma ba ta cika baki.

Wata yamma muna jiran kiran salla, Isa yana kukan yunwa, Baban Isa ya tsaya a ƙofar ɗakin girki ya ɗaga kai.

"Inna, ai suna da yawa. Ko goyo biyu aka sauke aka yi wa yaran nan fate..."

"In ka ci iri me za ka shuka? Haƙoranka?"

"Biyu kawai na ce."

"Ubanka ma biyu ya taɓa cewa. Ka tambaye shi a lahira abin da na gaya masa."

Ya juya ya fita. Bai sake ba. Haka muka tsare masarar nan daga ɓera, muka tsare ta daga yara, muka tsare ta daga cikinmu. Ina girki a ƙarƙashinta ba na ɗaga ido, don kada raina ya biya.

Wasu safiyoyi nakan tarar da wani farin gari a kan murfin tukunya. Na nuna wa Inna. Ta shafa da yatsa ta ce gorar ce ta tsufa, ƙwaro ke cinta, in an sauke iri a canza ta. Baban Isa ma haka ya ce. Na share.

Aka yi salla ba mu yanka ko kaza ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta watsa shi. Ya sake, ta sake. Zafin ya ƙaru, irin mai danƙo, wanda mutum ke wanka ya fito yana zufa. Rannan aka yi yayyafi ya jiƙa saman ƙasa, wasu suka ruga gona. Inna ta ce wannan na yaudarar wawaye ne. Ta yi gaskiya, abin da suka shuka rana ta soye shi.

Sai wata azahar iska ta tsaya cik. Tsuntsaye suka yi shiru. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har magariba. Yara suka fita tsirara, ni ma na tsaya ƙarƙashin indararo da zanena. Ƙamshin ƙasa ya cika gida. Da gari ya waye Inna ta ɗauki fartanya ta sara bayan ɗaki, ta tura hannu cikin ramin, ta ga laima ta kai inda take so.

"Kai, sauko da su."

Baban Isa ya taka turmi. Na shimfiɗa tabarma. Abin da na fara lura da shi, masarar ba ta yi baƙi ba. Kusan yadda aka rataye ta haka take. Har na ji daɗi. Ya miƙo mini ƙulli na farko, na karɓa da ƙarfi kamar yadda na saba, sai hannuna ya tafi sama. Ba nauyi.

Inna ta karɓa ta murza da babban yatsa. Ƙwayar ta fashe, gari ya zubo. Ta murza ta gaba, haka. Kowace ƙwaya da ɗan raminta. Ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu dogon baki suka fito suna hawa hannunta, ba ta kaɗe su ba. Ta ɗauki wani goyon, ta ɗauki wani. Tabarma ta yi fari.

Isa ne kawai ya tsuguna yana bin ƙwari da tsinke.

Na riga na hura wutar kunu. Daga inda Inna take zaune ana hango bakin bututu. Ta daɗe tana kallon hayaƙin yana fita yana bin iska. Sannan ta dubi jinka, ta dubi masarar da ba kunkunniya a jikinta.

"Ashe mai gadi muka kora," in ji ta.

Sai a lokacin na gane. Shekara da shekaru hayaƙin da ke cin idanunmu shi ke hana ƙwaro zama a sama. Ba mu taɓa sani ba, don bai taɓa fashi ba.

Baban Isa ya sauko daga turmi ya ɗauki taɓarya ya nufi murhu. Na riga shi, na tsaya a ƙofa.

"Matsa, Asabe."

"Fasa. Amma gobe kai za ka bi Maman Bitrus daji da goyo."

"Na ce ki matsa!"

"Ajiye taɓaryar nan," in ji Inna, ba ta ko juyo ba. "Laka ba ta ci maka iri ba. Da na bari an duba da an gani. Kawo ruwa a kwano, Asabe."

Ya jefar da taɓarya ya fita. Mu kuwa muka zauna muka murje duka, har wanda ya zama gari. Muka zuba a ruwa. Wanda ƙwaro ya cinye cikinsa yakan taso, mai rai ya nutse. Saman kwanon ya rufe da fanko. Na kwashe, na kwashe, na tsiyaye ruwan a hankali. Abin da ya kwanta a ƙasa bai cika ƙoƙon shan kunu ba. A cikinsa ma wasu da rami. Inna ta baza su a faifai ta zauna gadinsu da kanta, tana korar kaji.

Ba mu kaɗai ba ne. Duk gidan da ke rataye iri a saman murhu ya gamu da haka, wasu wake, wasu kuɓewa, wasu dawa. Labari ya kai wa Malama Fati. Ta zo, ta kafe babur, ta shigo ta ga faifan. Ta zauna a ƙasa da kayan aikinta.

"Inna, wallahi ban sani ba."

"Ni da na haifi mai gemu ban sani ba. Ke wa zai gaya miki? Tashi, za ki ɓata zane."

Ba ta tashi da wuri ba. Daga baya ta bi unguwanni tana faɗa wa mata, ta kuma dawo da magini ya yi wa kowane bututu 'yar ƙofa, wadda za a buɗe hayaƙi ya shiga ɗaki in akwai iri a sama. Dabara ce mai kyau. Ta zo bayan an gama.

Maman Bitrus ita ba ta rataye nata. A tulu take zubawa da toka ta liƙe baki da laka, haka uwarta ke yi. Da ta ji, ta shigo da ƙwarya a kafaɗa, cike da jar masara.

"Asabe, kai karɓa. Ba ya sauri kamar naku, amma yana cika ciki."

Na karɓa. Ban iya godiya mai tsawo ba, ita ma ba ta tsaya jira ba.

Muka shuka 'yar wuri a tsakiyar gona, inda ƙasa ta fi kyau, ƙwaya ɗaya a rami maimakon yadda aka saba. Muka jira. Ta fito nan ɗaya, can ɗaya, kamar haƙoran tsohuwa. Sauran ramukan shiru. Baban Isa ya ce zai cike giɓin da jar masara, har da sauran gonar.

Inna ta ce, "Masara ba ta zama da baƙuwa ta fita yadda ta shiga. In ka haɗa su, an gama."

"To ina zan kai ta? Gona biyu gare ni?"

"Ka bar mata tsakiyar. Ka nisanta."

"Inna, duk gonar nawa take? In na bar fili, ciyawa za mu ba yaran nan?"

Ta dubi Isa, ta dubi wadda ke bayana. Ranar da aka shuka jar ba ta je gona ba. Washegari ta yage wani tsohon zane, ta bi 'yar wuri ɗaya bayan ɗaya, ta kafa tsinke da tsumma a gindin kowace. Fatanta ɗaya, tunda tata mai sauri ce, ta yi fure ta gama kafin baƙuwar ta farka.

Sannan yunwar ta zo sosai. Yunwar damina ta fi ta rani ciwo, don ko'ina kore ne, ido yana ƙoshi ciki ba komai. Rumbu ya kai ƙasa, na shiga da tsintsiya na share shi. Muka koma tafasa da rama da zogale. Nakan je Ƙetaren Gwari in yi wa matan 'yan kasuwa surfe, su bar mini dusa da tsaki, in zo in dama. Baban Isa yana noma yana hutawa a kan fartanya. Inna takan ce ta ƙoshi, ta tura wa yara nata. Zanenta da ke zagaya ta sau ɗaya ya koma yana neman biyu. Itace duk ya jiƙe a daji, amma ɗan abin da na tara a ɗaki ya riƙe mu, murhun ba ya ci da yawa. Wuta muna da ita. Abin ɗorawa ne babu.

Aka yi fashin ruwa a tsakiyar damina. Irin da ƙwaro ya taɓa ba ya tashi da ƙarfi. 'Yar wuri ta tsaya, ganyenta ya naɗe, ta ƙi gaba. Lokacin da muka saba karya ta ya zo ya wuce, ko goyo ba ta ɗauka ba. Jar kuwa mai ƙarfi ce, ta taso ta kamo ta. Da ruwa ya dawo, tare suka fid da fure. Na ga Inna tsaye a bakin gona da hantsi, iska tana kaɗa kan masara, garin furen yana tashi yana sauka inda ya ga dama. Ta tsaya har ƙafarta ta gaji, ta zauna a kan dutse.

Duk da haka ba ta bari an taɓa masu tsumma ba. Kullum tana can tana korar tsuntsu da birai. Goyo ya fito, gemunsa ya bushe, ƙwaya ta cika. Rannan da safe ta ce in raka ta.

Ta je wurin ta farko, ta sa farce ta tsaga ɓawon kaɗan, ta leƙa. Ta wuce ta biyu. Na bi bayanta na leƙa wadda ta bari. Fari da ja ne a cakuɗe, dabbare-dabbare. Ta bi su duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta kai ta ƙarshe ta tsaya, ta goge farcenta a zane. Sai na ji ƙas. Ta karye goyon.

Masarar iri ba a karya ta ɗanya. A kan karanta take bushewa. Ta dawo baya tana karya su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a zanenta. Duka ba su cika shi ba.

A gida muka tarar da Baban Isa yana wasa fartanya. Ya ga abin da ke zanen, ya miƙe.

"Inna! Da kin bar ko ɗaya ta bushe. A tsince fararen."

"A tsince a shuka me? Farin a waje yake. Ba ita ba ce." Ta juye su a gabana. "Asabe, gasa wa yara."

Na sauke tukunya, na jera su a bakin murhu. Ƙirare kaɗan suka gasa su duka. Ƙamshi ya cika gida, Isa yana tsalle yana ƙona yatsu, ƙanwarsa tana tsotsar totuwa. Na zaɓi mai laushi na miƙa wa Inna. Na ɗauka za ta ƙi. Ta karɓa, ta ɓanɓare da yatsa, fari da ja, tana kaiwa gefen da ke da haƙori. Ta cinye tas.

Jar ta nuna a lokacinta, muka ci, ba wanda ya mutu. Daga wannan shekarar, in rumbu ya kai ƙasa, jira muke yi kamar kowa.